Yadda Zibuse Ya Shuka Shingen Kifi

A bakin tafkin Kosi, wanda ruwan teku ke cikawa yana janyewa sau biyu a rana, ba a fara tambayar mutum yawan shanunsa. Shingensa ake tambaya. Turaku ne a jere cikin ruwa, an saƙe su da ƙirare, suna lanƙwasa suna lallaɓa kifi har cikin wani ɗan ɗaki mai ƙofa ɗaya, inda shiga kyauta ce, fita kuwa sai a bakin mashi. Uba ke bar wa ɗa. Abin da magaji ba ya ganewa sai an tashi daga zaman makoki shi ne ba shinge aka bar masa ba, gyara aka bar masa, domin ruwan gishiri bai taɓa ganin turken da ya yi masa kwarjini ba.

Zibuse Mthembu ya gaji shingen da ya fi kowanne kyawun mazauni, daidai inda kifi ke shan kwana in zai gangara teku. Ya gaje shi ne bayan ya dawo daga Durban, inda ya shekara goma sha ɗaya yana abin da yake kira harkar itatuwa. Masu bin diddigi sun ce mai gadin ƙofa ne a wani lambun sayar da dashe, shi ke ɗaga ƙarfe mota ta fita. To, ko a hakan ma ba za a ce bai san itatuwa ba, tunda duk wanda aka saya ta gabansa ya wuce.

Shekara biyu shingen na hannunsa. A ta farko ya ce yana nazarinsa. A ta biyu ya ce yana nazarin abin da ya gano. Kafin nan shinge ya koma kamar haƙoran tsohuwa, kifi na shiga ta ƙofa don ladabi kawai, ya fita ta inda ya ga dama.

Ranar da mai unguwa, Baba Manzini, ya tara masu shinge a gindin danya, bai yi dogon gabatarwa ba.

"Zibuse, shekaranjiya na bi ta wajen shingen ubanka."

"Ranka ya daɗe, ai da ka aiko na zo na zagaya da kai."

"Ban zagaya ba. Ta tsakiyarsa na ratsa da kwalekwale, ko ƙirare ɗaya ban goga ba."

Aka yi irin dariyar da ake yi in babba ya yi magana, wato kaɗan a fili, saura a ajiye sai an tashi.

"Ka san al'ada," in ji mai unguwa. "Wurin kifi ba ya zama kango alhali akwai mai hannu a gidan. Wata biyu na ba ka. Ranar da wata ya cika karo na biyu zan zo da kwando. In shingenka ya cika shi, shinge naka ne. In bai cika ba, ya koma hannun ƙanenka."

Ƙanen nan, Mshiyeni, mutum ne da in ya yi magana uku a yini matarsa kan tambaye shi ko lafiya. Nasa shingen ɗan ƙarami ne, can baya, inda kifi ke zuwa in ya yi ɓatan kai. Ya ɗaga ido ya ce, "Yaya, ina da turaku sittin a gida. Gobe mu shiga tare."

Da Zibuse ya ce to, da labari ya ƙare a nan, kowa ya tafi cin tuwo. Amma mutane sun taru, shi kuwa bai taɓa ganin taro ya bar shi ya watse a banza ba. Ya miƙe ya gyara hular da ya zo da ita daga birni.

"Riƙe sandunanka, ƙanena. Abin da ke damunku a garin nan shi ne kun auri wahala kun haifa mata 'ya'ya. Tun kakannin kakanni kuna kafa mataccen itace a ruwa, ya ruɓe, ku koma daji ku saro wata gawar. Me ya sa? Ni shingen da zan yi rayayye ne. Shuka shi zan yi. Sau ɗaya, shi ke nan, jikokina ba za su san kalmar gyara ba."

"Da wane itace?" wani ya tambaya.

"Inkalane."

Kowa ya san inkalane, kabar giwar nan da ta ƙi zama a ƙasa kamar 'yan'uwanta ta miƙe ta zama bishiya, reshe na rabuwa biyu, kowanne ya sake rabuwa biyu, a ƙarshen kowanne da tulin dogayen ganye masu kauri kamar an ɗora mata gammo. Tana nan a dajin yashi bayan gari, ba ta tsare wa kowa komai ba.

"Da idona na gani a Durban," in ji Zibuse. "A sare reshe, a soka a ƙasa, a juya baya. Kafin ka waiwayo ya yi saiwa."

"A ƙasa fa ka ce, Yaya."

"Ƙarƙashin ruwan mene ne? Gajimare? Ƙasa ce, ga kuma ban-ruwa kyauta sau biyu a rana."

Baba Manzini ya ce, "Ni dai kwandona ba ya jin Turanci. Wata biyu."

Inkalane mafi girma suna bayan gidan Gwaggo Tholakele, yayar mahaifinsu, wadda ta goya mahaifin nasu a baya, don haka ba ta ga dalilin da zai sa ta tausasa wa 'ya'yansa harshe ba. Zibuse ya iso da adda da safe ya same ta tana ɓare gyaɗa.

"Na ji ka zama manomin ruwa," ta ce.

"Gwaggo, ilimi ne."

"To. Rassa za ka ɗiba, kada ka taɓa mini uwar. Kuma fure take, ƙudan zuma na kai."

"Ƙudan zuma sun san wanda ya san itace."

"Za su san ka kuwa."

Ya hau. Ya zaɓi reshen da ya kai kaurin cinyarsa, ya ɗora ƙafa, ya juyo zai yi wa Gwaggo bayani a kan yadda masana ke tsayuwa a bisa bishiya. Ita inkalane jikinta yaudara ne: daga waje kamar ƙafar giwa, ciki kuwa soso ne da ruwa. Reshen ya ce ɓas, kamar an karya ɗanyen rogo, suka sauko tare, shi a ƙasa, reshe a bisa, furanni ruwan goro suka biyo baya, masu furannin kuma suka biyo furanninsu.

"Na ɗaya ke nan," in ji Zibuse daga ƙarƙashin ganye.

"Haka za ka riƙa sauko da su ɗaya-ɗaya? In aika a kawo maka katifa?"

Bai samu amsawa ba, saboda a lokacin yana tattaunawa da ƙudan zuma, kuma su suka fi yawan magana. Bayan ya zagaya rumbun Gwaggo sau uku ya dawo da leɓe kamar na raƙumi, tsohuwa ta ɗaga reshen da ƙafa ta leƙa cikinsa.

"Ɗan nan, itacen da bai ɗauki mutum ɗaya ba, shi zai tare teku?"

"Teku ba hawa zai yi ba, Gwaggo."

Ta ce wannan gaskiya ne, ta koma kan gyaɗarta.

Kwana huɗu ya yi yana sara, daga ƙasa a wannan karon, da adda ɗaure a gora. Ya tara rassa talatin da tara. Ɗanyen reshen inkalane kuwa nauyi gare shi kamar tulu cike, kuma tsakanin gidan Gwaggo da nasa yashi ne da ke haɗiye ƙafa har idon sawu. Matarsa, MaSibiya, ta ɗauki ɗaya a ka ta kai gida, ta dire, ta ce ta tuna ta bar tukunya a wuta. Wannan tukunya ta yi kwana uku ba ta nuna ba. A reshe na ƙarshe gadon bayan Zibuse ya ce ƙas, aka kwantar da shi a tabarma yana kallon jinka, rassa kuma aka jingine su a inuwar kashu.

Mako uku ya yi a kwance. Masu zuwa dubiya ba su rasa abin ɗauka ba, domin bayansa kaɗai ya ƙi aiki, bakinsa garau yake. Ya bayyana musu cewa da gangan ya jinkirta, itace na bukatar ya saba da iskar gidan maigidansa.

Ranar da ya tashi ya je ya ɗaga reshe ɗaya, ya ji kamar ya ɗaga kara. Ya ƙara na biyu, ya ƙara na uku, ya ƙara na huɗu.

"MaSibiya! Zo ki ga abin mamaki. A da ɗaya nake ɗauka da ƙyar, yau huɗu. Ƙarfina ya ninka huɗu!"

Ta leƙo da muciya a hannu. "Ko kuwa su ne suka rame, Baban yara."

"Ke dai ba a yi miki abin kirki ki yaba."

"Yi mini ɗaya mu gwada. Shekara uku ina roƙon shinge a gonar gyaɗata, awakin maƙwabta har sun san ranar da nake shuka."

"Ina gina tarihi kina yi mini maganar awaki."

Ya ware dogaye ashirin da takwas, ya ture guntaye goma sha ɗaya gefe da ƙafa. Ta ce tarkacen nan fa? Ya ce ta hura wuta da su. Ta gwada ɗaya, ya ƙi ci, sai hayaƙi. Sauran ta ja su bakin gona ta caccaka a yashi inda awaki ke shiga, ta cusa ƙaya a tsakani, ta manta da su.

Shi kuwa ya nufi tafki da nasa. Ya yanke shawarar ɗakin kifi zai fara ginawa, tunda shi ne zuciyar shinge. Fukafukan da ke koro kifi sai daga baya. Ya tsige tsoffin turakun mahaifinsa, waɗanda a gaskiya su kaɗai suka rage da sauran ƙarfi, ya kafa reshe na farko, ya ɗaga guduma ya sauke. Kan reshen ya dagargaje kamar dafaffiyar kabewa. Ya dubi hagu ya dubi dama, ya tarar da masu shinge bakwai sun bar aikinsu suna jiran na biyu.

"Gwaji ne," ya ce. "Rayayyen abu ba a dukansa."

Sauran ya murɗa su cikin laka da hannu, ganye a sama. Da ya gama, ɗakin kifin Mthembu ya fito tsakiyar tafki kamar 'yan mata ashirin da bakwai da aka tsefe wa kai aka rasa mai kitso.

"Zibuse! Gona ce ko shinge?"

"Yaushe girbi? Ka sa ni a gayya!"

"Kai, kifin ma sai ya ji kunyar shiga, ya ɗauka gidan biki ne!"

"Ku yi dariya," in ji Zibuse, ruwa har gwiwa. "Baɗi kuna daji kuna sara, ni ina kwance a inuwar shingena."

A kwanakin nan wani abu ya riƙa faruwa da ba a yi maganarsa ba. Kullum da sassafe in Zibuse ya iso, sai ya tarar wani gurbi a fukafukan shingen ya cike da sabon turke, an ɗaure tamau da irin ƙullin da mahaifinsu ke yi. Mutum biyu ne kawai tsohon ya yi niyyar koya wa ƙullin nan, ɗaya daga cikinsu kuma yana Durban lokacin da aka yi darasin. Zibuse ya ga gyaran sarai, ya kuma yanke shawarar bai gani ba. Da wani ya nuna masa, sai ya ce ai haka abin yake, tsoffin turaku in sun ga sababbi kishi kan tashe su.

Mako ɗaya ganyen inkalane ya fara yin rawaya. Zibuse ya ce sauya riga suke. Mako biyu suka sunkuyar da kai. Ya kwana yana tunani, ya tashi da magani.

Matan da ke rijiya su suka fara ganinsa da bokiti biyu. Suka yi zaton MaSibiya ce ba lafiya, har wata ta fara yabonsa. Sai suka ga ya wuce gida, ya wuce gona, ya gangara tafki, ya kutsa ruwa har ƙugu da bokiti a ka. Rijiya ta watse, kowa ta biyo da guganta.

Mshiyeni na cikin nasa shingen. Ya daɗe yana kallo kafin ya kashe ɗaya daga cikin maganganunsa uku na yini.

"Yaya, me kake yi?"

"Ban-ruwa."

Mshiyeni ya dubi tafki, wanda ya miƙe har inda ido ya gaji. "A cikin ruwa?"

"Wannan na gishiri ne, kai kuwa. Itacen daji ruwan daɗi yake sha."

"To ai shi ya sa na ce..."

"Ba ka ce komai ba."

"Haka ne," in ji Mshiyeni, ya koma kan igiyarsa.

Daga tudu wata mata ta ɗaga murya. "Mijin MaSibiya! In ka gama ka zo ka yi wa rana fifita, ta ce zafi take ji!"

Bokiti goma sha biyu yake kaiwa a rana. Mutanen gari sun yarda cewa da rabin wannan wahalar ya yi a daji, da ya gina shinge biyu ya ba da ɗaya sadaka. Amma wannan lissafin masu aure da wahala ne, shi kuwa gudunta yake yi.

Ana saura kwana biyar wani reshe ya karkata. Ya je zai miƙar da shi, ya ji gindin ya yi laushi kamar ayabar da ta kwana a aljihu, ga wani wari da ƙaguwa kaɗai ke yabawa. Nan ma bai rasa dabara ba. Ya samo igiya mai kauri ya ɗaure kowane reshe da maƙwabcinsa, sama da ƙasa, zagaye uku.

"In ɗaya ya so tafiya," ya gaya wa MaSibiya, "sauran ashirin da shida za su riƙe shi."

"In kuma duka suka so tafiya fa?"

"Ina za su? Wa suka sani?"

Ranar da wata ya cika karo na biyu, kifi ya gangara da janyewar ruwan asuba. Kuma a nan dole a faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa masu dariya daɗi ba: ɗakin Zibuse ya cika. Mazaunin tsohon mazauni ne, fukafukan sun sha gyara, kifi ya bi hanyar da iyayensa suka bi. Ruwan cikin ɗaki ya yi baƙi da bayan kifi, suna gogayya har ana jin ƙararsu daga tudu. Tsofaffi suka ce rabon da su ga haka tun tsohon na da rai.

Gari ya taru. Baba Manzini ya zo da kwandonsa aka ajiye masa kujera a kan yashi. Gwaggo Tholakele ta zo da sandarta ta ce ba ta son a ba ta labari, labari na rage zaƙi. Ruwa ya ja har ƙasa da gwiwa, lokacin suka da mashi ke nan. Abin da ya rage wa Zibuse shi ne ya shiga da mashi ya cika kwando, aikin da ba zai kai dafuwar shayi ba.

Ya shiga. Ya tsaya tsakiyar ɗaki, kifi na dukan ƙwaurinsa. Ya ɗaga mashi. Sai ya ɗaga ido ya ga taro, irin taron da bai taɓa samu ba tun da aka haife shi, kowa shi yake kallo. Ya sauke mashi ya dogara da shi.

"Jama'ar Kosi, kafin in soki kifin farko, akwai 'yan kalmomi."

MaSibiya ta zauna a yashi ta ja zane ta rufe fuska.

Ya fara daga ranar da ya sauka a Durban da jaka ɗaya. Ya bi ta kan manyan mutanen da suka riƙa ɗaga masa hannu daga cikin mota. Ya yi bayanin saiwa, da yadda take tafiya a ɓoye kamar mai ilimi a cikin jahilai. Ya ambaci sunayen waɗanda suka yi masa dariya, ɗaya-ɗaya, ya yafe musu, ɗaya-ɗaya.

"Yaya, ruwa ya juyo."

"Bari ya juyo, ya zo ya ji shi ma."

Ya zo kuwa. Ruwan cikar wata ba ya sallama. Ya wuce gwiwa Zibuse na kan shirinsa na koya wa garuruwan maƙwabta. Ya kai cinya yana kan sunan da za a riƙa kiran wannan irin shinge, wanda bai ga laifi ba in an sa nasa.

"Zibuse," in ji mai unguwa, "kwandon nan ya fara hamma."

"Ranka ya daɗe, ina rufewa. Ku dubi itatuwan nan. Kun ce sun mutu. To ku duba da kyau, ko a yanzu da nake magana ƙara tsawo suke!"

Aka duba. Abin mamaki, gaskiya ya faɗa. Ɗazu kansu daidai kafaɗarsa yake, yanzu ya wuce hularsa. Zibuse kansa ya sake dubawa, domin bai saba maganarsa ta tabbata da wuri haka ba.

"Kun gani?" ya ce. "Kun gani!"

"Ba tsawo suke ba, ɗan nan," in ji Gwaggo Tholakele. "Tashi suke."

Busasshen soso in ruwa ya kai masa wuya ba ya shawara da laka. Ruɓaɓɓun gindaye suka saki ƙasa ɗaya bayan ɗaya, cuɓ, cuɓ, cuɓ, kuma da yake an ɗaure su zagaye uku don kada ɗaya ya tafi shi kaɗai, ba wanda ya tafi shi kaɗai. Ɗakin ya ɗaga ɗungurungum kamar mace ta tattare zane za ta haye rafi. Kifi ya ga haske ta ƙasa ta ko'ina. Ruwa ya yi fari fat, aka ji shaaa, ɗakin da ya yi baƙi ya koma garau har ana ganin yatsun ƙafar Zibuse.

Sa'an nan ɗakin ya kama hanya, da maigidan a ciki.

Ya yar da mashi ya rungumi reshe biyu yana ƙoƙarin mayar da su ƙasa, suka ɗauke shi. Ruwa ya ja su cikin tafki a hankali, suna juyawa, ganye na rangaji, hula na leƙowa ta tsakani. Suka bi ta gaban shinge na farko.

"Zibuse, ina zuwa?"

"Gwaji ne!"

Suka bi ta gaban na biyu.

"In ka isa Durban ka gai da manya!"

"Ka tsaya mana ka yi musu ban-ruwa, tafiya da nisa!"

Jama'a suka bi ta tudu, mai unguwa a gaba, wani ɗauke da kujerarsa a baya. Abin bai tsaya ba sai da ya je ya maƙale a fukafukin ɗan shingen Mshiyeni. Matattun sandunan nan suka karɓe shi ba su ko girgiza ba. A bayansu kuwa ɗan ɗakin da bai taɓa ganin kifi goma a tare ba ya cika har yana tafasa, domin kifin da ya firgita shi ma ɓatan kai yake yi.

Mshiyeni ya kutsa ya kwance igiya ya fito da yayansa. Suna isowa tudu aka ga rigar Zibuse na motsi. Ya zura hannu ya zaro kifi guda, wanda a cikin rububin ya yi tsalle ya faɗa ta wuyan riga. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya taka da ƙasaita ya saka a kwandon mai unguwa.

Baba Manzini ya leƙa. Kifi ya leƙo shi.

"Kwandon ne ya yi yawa, ko kifin ne ya yi kaɗan?"

"Ranka ya daɗe, a ranar ba ka faɗi girman kwando ba. MaSibiya na da wani ƙarami na ajiye gishiri."

"Kada ka sa kwandona a shari'a," in ji MaSibiya daga cikin zane.

"Gaskiyarka, ban faɗi girma ba," in ji mai unguwa. "Amma na ce shinge ya kama. Wannan kuwa ko riga ce ta kama shi, ko shi ya kama ka. Rigar taka ce, ba mai karɓe ta. Shinge ya koma hannun Mshiyeni."

Zibuse ya buɗe baki, ya dubi ɗakinsa da ke kwance a ruwa ƙafafu a sama, ya rufe. Waɗanda suka halarta sun ce shirun ya kai a ƙirga ashirin, kuma har yau da shi ake kwatance.

Mshiyeni ya kashe maganarsa ta biyu a yinin. "Yaya, duk ranar da aka soki kifi, kwandon gidanka na farko."

"Na karɓa," in ji Zibuse, ya matse hula, "a matsayin mai ba da shawara."

Kwana tara bai fita ba. Ya ce bayan ne ya tashi. A na goma MaSibiya ta kira shi bakin gona ta nuna masa abu. Guntayen nan da ta caccaka a yashi, waɗanda suka sha inuwar kashu mako uku suka bushe bakin sara, ba wanda ya ba su ko kofin ruwa, sun tsaya ƙyam. A tsakiyar kowane kai ga sabon ganye kore shar. Zibuse ya kama ɗaya ya ja. Ya ƙi zuwa. Ya sa hannu biyu. Ya ƙi.

Ya miƙe a hankali, kafaɗunsa na komawa inda suka saba zama.

"Me na ce? MaSibiya, me na ce a gindin danya? A sare, a soka, a juya baya!"

"Ka ce in hura wuta da su."

"Kira mini Gwaggo. Kira mai unguwa. A zo da kujera!"

"A zo da kwando kuma?"

Wannan bai ji ba, ya riga ya yi nisa yana kiran maƙwabta.

Shingen na nan har yanzu, ya fi jinkar gidan tsawo, yana fure duk sanyi, awaki sun haƙura sun koma gonar wasu. Zibuse na zama a inuwarsa da kifin ƙanensa a akushi, yana nuna wa duk mai wucewa shingen da ya shuka. Kuma a yi masa adalci: tun da aka kafa shi ba a taɓa gyara shi ba, kamar yadda ya yi alkawari, kifi ko ɗaya kuma bai taɓa kuɓuce masa ba.